Faɗakarwa a Kan Ƙurar Dutse Mai Zare

Wannan faɗakarwa ce a kan wata ƙura wadda ba ta da wari, ba ta sa tari a ranar da aka shaƙe ta, amma tana kwanciya cikin ƙirjin mutum shekara talatin ko arba'in kana ta tashi ta kashe shi. Ta halaka mutane a ƙauyukan manoma na ƙasashe da dama, mutanen da ba su taɓa shiga masana'anta ba, laifinsu kurum sun shafe ɗakunansu da farar ƙasa ta bayan gari. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai karatu zai gani nan gaba cewa a wannan al'amari ruwan nan ba misali ba ne kaɗai, shi ne ma rabin maganin.

Fasali na farko: mene ne wannan dutse

Ka sani, ya kai mai karatu, cikin duwatsun ƙasa akwai wani iri wanda in an fasa shi ba ya farfashewa kamar tsakuwa, sai ya warware sili-sili kamar auduga. Turawa na kiransa asbesto, kalmar kuwa daga harshen Girka take. Larabawan dā sun kira shi hajarul fatila, watau dutsen lagwani, na yanzu kuma suna ce masa alharinin dutse. Malam al-Bakri na Andalus, cikin littafinsa na hanyoyi da ƙasashe wanda ya gama a wajen shekarar 1068, ya ambaci wani dutse a Wadi Dar'a ta ƙasar Magrib wanda in an murza shi yakan yi laushi kamar zare, a tufka igiya da shi, wuta kuwa ba ta cinta. Ashe ke nan abin ba sabo ba ne, mutanen dā sun san mamakinsa, illarsa ce ba su sani ba.

Iri shida ne masana suka ƙidaya. Uku daga cikinsu su ne aka fi ciniki da su, watau fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Sauran ba a cika haƙarsu don sayarwa ba, sai dai a same su a cakuɗe cikin ƙasa da wasu duwatsu, wanda ya fi suna cikinsu shi ne tiremolait. Da yake zaren ba ya ƙonewa, ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, sai masana'antu suka riƙa gauraya shi da siminti suna yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa, suna kuma sa shi cikin birkin mota. A nan Nijeriya an yi irin waɗannan masana'antu a Ikko da Inugu da Bauchi, kayansu kuwa sun shiga makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen masu hali ko'ina cikin Arewa.

Fasali na biyu: yadda yake cutarwa

Muddin zaren na kulle cikin dutsensa ko cikin simintinsa, ba a taɓa shi ba, illarsa kaɗan ce. Masifa na farawa ne sa'ad da aka daka, ko aka niƙa, ko aka yanka da zarto, ko aka share da tsintsiya a bushe. A nan ne silin zaren ke tashi cikin iska, ga shi ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Ƙurar gero da ta hanya galibi hanci da maƙogwaro na tare su, a yi kaki a zubar. Wannan kuwa, sabo da sirantarsa da tsininsa, yakan wuce har ƙarshen huhu ya kafe. Jiki ya yi ta ƙoƙarin narkar da shi ya kasa, wurin ya yi ta kumburi yana tabo shekara da shekaru.

Cututtuka uku ne manya ke biyo baya. Ta farko taurin huhu, watau huhu ya cika da tabo ya daina buɗewa sosai, mutum ya riƙa haki ko da tafiya daga gida zuwa masallaci. Ta biyu ciwon dajin huhu, wanda kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗarinsa, don taba da wannan ƙura in sun haɗu sharrinsu ninkuwa yake yi. Ta uku ita ce mafi muni, ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci kuma tantanin ciki. Alamunta ciwon haƙarƙari da ba ya jin magani, da ruwa da ke taruwa cikin ƙirji, a zuƙe ya komo, da rama. Yawancin waɗanda ta kama ba su wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gane ta. Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar wannan cuta akan yi shekara 20 zuwa 50. Sabo da haka yaron da ya yi wasa cikinta yana ɗan shekara bakwai, sai ya yi furfura ya tara iyali kana ta zo masa, ya kuwa manta da wasan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin shaƙar asbesto a wurin aiki kaɗai, ban da waɗanda suka shaƙa a gida.

Fasali na uku: labarin ƙauyukan da abin ya faɗa wa

A ƙasar Afirka ta Kudu aka fara ganewa. A wani asibitin masu tarin fuka a birnin Kimbali, likita mai suna Sleggs ya lura da wasu marasa lafiya da ruwa a ƙirji, ana ba su maganin tarin fuka, sauran jama'a na warkewa, su kuwa suna mutuwa. Shi da Likita Wagner da wani abokin aikinsu suka bi diddigi, a shekarar 1960 suka bayyana labarin mutum 33 masu ciwon dajin tantanin huhu, 32 daga cikinsu suna da alaƙa da ƙurar shuɗin asbesto, yawancinsu a yankin da ake haƙarsa. Abin da ya tayar da hankali shi ne da yawansu ba su taɓa aikin haƙa ba. Waɗansu zama kurum suka yi kusa da wurin, waɗansu kuma suna yara sun yi wasa a kan tarin ƙasar da aka zubar.

Sai kuma ƙasar Turkiyya. A ƙauyuka masu yawa na Anadolu, musamman wajen Diyarbakir da Eskishehir, akwai wata ƙasa da mutane ke kira ak toprak, ma'anarta da Hausa daidai farar ƙasa. Da ita mata ke shafe bango, da ita ake daɓen soro don kada ya yi yoyo, ana sa ta cikin tukwane, har jarirai ake barbaɗa wa a matsayin hoda. Ashe a wurare da dama ƙasar nan cike take da tiremolait. Kowace shekara a tono, a daka, a tankaɗe, a shafa, in ta bushe a share ɗaki, iyali duka su kwana suna shaƙa. Don haka a can cutar ba ta bambanta mace da namiji ba, alhali a ƙasashen masana'antu maza ma'aikata ta fi kamawa.

Mafi ban tausayi shi ne labarin ƙauyuka uku na yankin Kapadokiya, watau Karain da Tuzkoy da Sarihidir. Mutanen nan sun gina gidajensu da wani dutse mai laushi mai daɗin sassaƙa, cikinsa kuwa akwai wani zare mai suna eriyonait, wanda ba asbesto ba ne amma ɗan'uwansa ne a siffa, ya ma fi shi sharri. Da fari an ɗauka tarin fuka ne ke cin mutanen Karain. Shehun malami Izzettin Barish na birnin Ankara ya shiga bincike cikin shekarun 1970, ya bayyana sakamakonsa a 1978. Aka tarar a ƙauyukan nan wajen rabin mace-macen da ake yi daga wannan ciwon daji ne, alhali a sauran duniya cuta ce da likita kan gama aikinsa bai ga goma ba. Waɗansu mutanen Karain sun yi ƙaura zuwa ƙasar Suwidin neman abinci, amma cutar ta same su a can, domin sun tafi da zaren cikin ƙirjinsu tun suna yara. A ƙarshe sai da gwamnati ta gina wa mutanen Tuzkoy sabon gari.

A ƙasar Girka ma akwai wani gari kan duwatsu, Metsobo, inda ake shafe gidaje da wata farar ƙasa da suke kira luto. Da likitoci suka ɗauki hoton ƙirjin manyan garin cikin shekarun 1980, sai suka ga tabo a tantanin huhun kusan rabinsu. Amma a nan akwai abin ƙarfafa zuciya. Mutanen garin sun bar luto gaba ɗaya, da aka sake dubawa bayan shekara talatin sai aka ga cutar tana ja da baya. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya kuma, wanda ke ƙarƙashin Faransa, bayan farar ƙasar shafe da suke kira po, an gane cewa hanyoyin ƙauye da aka zuba wa tsakuwar irin wannan dutse su ma suna tayar da ƙurar duk sa'ad da mota ta wuce. Sabo da waɗannan dalilai ƙasashe fiye da 60 sun hana ciniki da asbesto. Tarayyar Turai ta hana a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Turkiyya a 2010.

Fasali na huɗu: abin da ya faru a maƙwabta

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ƙasar Kebbe na iyaka da Zamfara, kuma a Zamfara aka ga yadda ƙurar dutse ke shiga gida ta yi ɓarna. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru da Bagega. Yaro ya yi amai, ya yi ta suma da fizge-fizge, ya cika. Da fari an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai aka tarar gubar dalma ce.

Dalili kuwa, kuɗin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsun da suka haƙo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙura ta lulluɓe ɗakuna da kwanonin abinci, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauye bayan ƙauye, Bagega ma ba a samu yi mata ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Shikira ta ƙasar Rafi cikin Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Lalle dalma daban, asbesto daban. Dalma ta baki ta fi shiga, yara ta fi kamawa, cikin makonni take nuna kanta, kuma akwai maganin da ke fitar da ita daga jini. Asbesto ta numfashi yake shiga, ba ya nuna kansa sai bayan shekaru, kuma babu maganin da ke fitar da shi daga huhu. Amma ƙofar da suka bi guda ce, watau dutsen da ba a san cikinsa ba a kawo shi gida a mai da shi gari. Har wa yau ƙurar dutse ko ba ta da ɗayan biyun nan tana taurara huhun mai niƙa in ya daɗe yana shaƙa.

Fasali na biyar: ina haɗarin yake a Tambuwal da Kebbe

Gaskiya ita ce a faɗi abu yadda yake, kada a tsorata jama'a a banza. Yawancin ƙasar Sakkwato, har da Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, shimfiɗar rairayi ce da yumɓu da dutsen farar ƙasa waɗanda ruwa ya ajiye tun zamanin da teku ta rufe yankin. Shi ya sa ake tono ƙasusuwan halittun ruwa wajen Dange, shi ya sa kuma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Asbesto ba a irin wannan shimfiɗa yake tsira ba. Mazauninsa tsofaffin duwatsu ne masu tauri, musamman wani mai duhun kore mai santsi kamar sabulu. Irin wannan ƙasa ta duwatsu tana farawa ne in an nufi gabas da kudu, wajen Anka da Bukkuyum da ƙasar Zuru, masu binciken ƙasa kuwa sun rubuta samun koren dutsen nan a wajen Ribah. Hazon hunturu ma, wanda iska ke kwasowa daga ƙasar Chadi, wani abu ne dabam, yana sa mura da tari amma ba shi ne abin da ake magana ba.

To, haɗarin mutumin Tambuwal da na Kebbe ta hanya uku yake zuwa. Ta farko ita ce kasuwa. Farar ƙasa da garin dutse da hodar shafawa suna yawo a buhu daga hannu zuwa hannu, mai saye bai san ramin da aka tono su ba, ido kuwa ba ya rarrabe mai lafiya da mai zare, duka farare ne. Ta biyu samarin da ke tafiya haƙar zinariya da fasa dutse da rani, su komo da ƙura a riga da buhunan dutse a bayan babur. Ta uku, wadda ta fi kusa da kowa, tsofaffin silin da kwanon rufi na asbesto da ke makarantu da asibitoci da shaguna. Sun tsufa, iska da ruwa sun farfasa su. In an zo gyara sai a kira almajirai da 'yan ga-ruwa su kwashe tarkace da hannu a kan ladan da bai kai na abinci ba. Gutsattsarin kuma ba a zubarwa, wani ya rufe akurkin kaji, wani ya cike ramin ƙofar gida, yara su ɗauka suna zane a kai kamar allo, mai tsire ya kare wutarsa da shi don ya ga ba ya ƙonewa.

Fasali na shida: abin da ya kamata a yi

Na farko, kada a daka ko a niƙa dutse a cikin gida, kada kuma a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. Wurin wannan aiki ya zama bayan gari, nesa da rijiya da wurin wasan yara. Mai aikin ya wanke jikinsa ya sake tufa kafin ya shiga gida, tufafin aikin kuma a jiƙa su kafin a wanke, kada a kakkaɓe.

Na biyu, ruwa. Ƙurar da ta jiƙe ba ta tashi. Duk inda za a taɓa tsohon silin ko a share tarkacen gini, a yayyafa ruwa tukuna, a kwashe da danshinsa. Rufe hanci da rawani ko ƙyalle ba ya tare wannan zare, ya fi ƙofofin saƙar ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Na uku, silin da ke lafiyayye bai fashe ba a bar shi wurinsa, a shafe shi da fenti, kada a huda shi, kada a goge shi da burushin ƙarfe. Wanda ya lalace a jiƙa shi, a sauke shi ɗungum ba tare da an farfasa ba, a naɗe cikin leda mai kauri, a binne a rami mai zurfi inda ba a noma, a sa alama. Kada a sa yaro cikin wannan aiki ko kaɗan, domin yaro shi ke da sauran shekarun da cutar ke bukata ta nuna. Malamin da aka zo neman almajiransa don kwasar tarkacen gini yana da hakkin ya tambaya wane irin tarkace ne, ya kuma hana.

Na huɗu ga 'yan kasuwa. Mai sarin farar ƙasa ya tambayi garin da aka tono ta, ya riƙe wurin da aka saba da shi. In ya fasa curi ya ga sili-sili kamar auduga ko ƙyalli kamar ƙananan allurai, kada ya shinshina, kada ya hura, ya jiƙa shi ya ƙulle a leda ya kai wa hakimi ko ma'aikatan lafiya. Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya tana da ɗakin gwaji a Kaduna inda ake duba irin wannan. Rashin ganin zaren da ido ba shaida ba ne cewa babu shi, sabo da haka sabon rami ya cancanci a gwada ƙasarsa kafin ta shiga kasuwa. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da bayyana cewa ba ya halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin hajarsa, balle aibin da ke kisa.

Na biyar, wanda ya daɗe yana haki ko ciwon haƙarƙari, ko aka yi masa maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, ya nemi a tura shi babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya gaya wa likita duk aikin ƙura da ya taɓa yi, ko da na ƙuruciya ne, don likita ba zai sani ba sai an faɗa masa. Wanda ya san ya shaƙi irin wannan ƙura ya bar taba tun yau. In kuma aka ga irin ciwo guda na ɗaukar mutane a gida ɗaya ko unguwa ɗaya, kada a yi gaggawar zargin maƙwabci da sammu ko maita, a dubi bangon ɗaki da turmi da ramin da ake ɗebo ƙasa.

Mutanen Metsobo ba wani magani mai tsada ya cece su ba, barin ramin nan guda suka yi, jikokinsu suka tsira. Mutanen Dareta da Bagega kuwa sai da aka binne yara kana aka fitar da turmin dutse daga tsakar gida. Hakimai da dagatai da limamai da sarakunan kasuwa na Tambuwal da Kebbe su ne jama'a ke jin maganarsu, ya kamata su isar da wannan a ranar kasuwa da bayan sallar Juma'a, tun ba a kai ga haka ba.

Allah ya tsare jama'a da zuriyarsu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.